Wata Tara Ina Cinye Tuwon Kaka

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Kakana, mahaifin Babana, ya koma wata Laraba da hantsi, ranar kasuwar Nima, unguwarmu a nan Accra, ranar da ko akuya sai ta nemi alfarma kafin ta tsallaka titinmu. Duk da haka mutane suka tsaga kasuwar suka zo, aka yi masa sallah bayan azahar.

Ranar addu'ar uku aka kafa rumfuna a lungunmu, aka jera kujerun roba har bakin gota, magudanar ruwan titi. An zo daga Maamobi, an zo daga unguwannin Madina da Malam. Wasu tsofaffi biyu sun zo daga unguwar Kanda da takalma masu ƙyalli, suka ce a gidajen da ya yi aikin kuku suka san shi tun suna samari. Aka raba shinkafa. Ta kama ta ƙasa, ƙaurinta har masallaci. Abokin Kaka, tsohon da suka shekara talatin suna buga dara suna zargin juna da maguɗi, ya kai cokali ɗaya baki, ya ajiye, ya ce, "Yau na yarda ya mutu." Gama duk mutuwar da aka yi a unguwarmu, Kaka ne ke ɗaura farin ƙyallensa ya karɓe manyan tukwane, ya kori mata gefe, ba ya karɓar ko goro. Tasa ce mutuwa ta farko da aka ci ƙonanniyar shinkafa.

Ina raba ruwan leda ina jin abin da masu gaisuwa ke cewa. Bakinsu ɗaya: ciwon wata uku kacal, Allah bai wahalar da shi ba. Mma, wato mahaifiyata, tana share ido da gefen mayafi tana ƙara musu da cewa, "Har hutun makarantar nan kwanonsa tas yake dawowa, kamar an wanke." Gwaggo, ƙanwar Babana da ke zaune a Madina, ta kama kumatuna ta ja, ta ce, "Kowa ya rame a gidan nan ban da ke."

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki. Ni ma na yi. Daga nan na shiga bayan tankin ruwa na tsuguna, domin a duk rumfunan nan ni kaɗai na san ciwon ba na wata uku ba ne. Shekara guda ne cif. Wata taran farko a cikina suke.

Shekarata goma sha shida, kuma duk wanda ya san ni zai gaya muku ina ƙara wa magana gishiri. A wannan rubutun zan yi ƙoƙarin rage hannu, ko da yake ban yi alkawari ba.

A gidanmu babba ba ya cin abinci a gaban mutane. Kaka ya taho da wannan daga arewa tun kafin a haifi Babana, kuma Accra ba ta iya raba shi da shi ba. Idan an gama tuwon rana, wajen la'asar lokacin da na dawo daga makaranta, sai in ɗauki kwanonsa mai murfi, in durƙusa, in ajiye, in saki labule, in fita. Ba mai leƙawa. Idan ya gama sai ya yi gyaran murya sau biyu, in koma. Kullum yakan bar loma biyu da tsoka ɗaya a gefe. Wannan albarka ce, kuma ta jikan da ya kai kwano ce. Na yi dambe da 'yan'uwana a kan wannan muƙamin tun ina shekara bakwai, na ci, ban kuma sauka ba. Amarya yake kirana, ni kuma in ce masa Ango mai furfura.

Kwanon ba ya komawa kicin shi kaɗai, da saƙo yake tafiya. Mutumin da ya shekara arba'in yana dafa wa Turawa da Larabawa abinci ba ya iya haɗiye loma bai yanke mata hukunci ba. Daga ɗakinsa yakan shaƙi iska ya ce, "Gida na uku sun ƙona albasa." Ya yi shekara shida ba ya gaisawa da mai sayar da wake da shinkafa ta bakin titi saboda ta ce yajinta ya fi nasa, amma da ɗanta ya rasu shi ya dafa abincin sadakar, ya kuma gaya mata a gaban tukunya cewa har yanzu yajinta bai kai ba. Mma kuwa, shekara goma sha takwas tana karɓar saƙonsa kullum. "Ki gaya wa uwarki kuɓewa ba ta yi mata laifin komai ba." "Ki tambaye ta ko kifin nan da ƙafa ya zo daga bakin teku a Tema."

Ni ce mai kai saƙon, kuma ina gyara shi a hanya. Wata rana ya ce gishiri ya ɗan yi yawa. Kafin in isa kicin maganar ta zama, "Kaka ya ce a tambaye ki ko teku ce ta ɓalle ta shigo tukunyarki." Mma ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Da labari ya kai masa sai ya kira ni, ya kama kunnena, ya ce, "Ni na aiki cokali, ke kin kai teku." Mako guda ban ga tsoka ba. Washegarin kukan Mma kuma ya shiga kicin da kansa, abin da bai taɓa yi ba in ba mutuwa aka yi ba, ya tsaya kusa da Mma ya nuna mata yadda ake soya albasa a hankali har ta yi launin zuma. Bai ba ta haƙuri ba. Da zai fita dai ya bar mata wuƙarsa, wadda ko Babana bai isa ya taɓa ba.

Abin ya fara ne bayan Babbar Sallah, lokacin da nama ya cika gida. Na shiga ɗaukar kwano na tarar da tsoka huɗu a gefe maimakon ɗaya.

"Ango, yau an yi maka albishir da Aljanna ne?"

"Haƙora ne, Amarya. Ci ki rufe mini baki."

Na ci. Bayan wata guda sai rabin tuwon ma ya fara saura. Ya ce in zauna in cinye a nan bayan labule, kada in fita da shi. A lokacin ne na fara ganin yadda yake ci, ni da ban taɓa gani ba. Yakan yanki loma ƙarama kamar ta jariri, ya tauna, ya tauna, ya haɗiye, ya bi ta da ruwa, sa'an nan ya dunƙule hannu ya bugi ƙirjinsa a hankali. Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gadonsa da yake juya mini baya ya tofa abu a ciki.

Na ce, "Kaka, wa kake ƙwanƙwasa wa ƙofa?"

Ya ce, "Wani baƙo ne ya zauna a hanya, ya ƙi matsawa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Wannan dariyar ita ce ta fi damuna yanzu.

Ranar farko da kwanon ya koma kicin wayam, kuma babu saƙo, Mma ta buɗe murfi ta rufe ta sake buɗewa. Ta ce, "Me ya ce?" Na ce bai ce komai ba. Ta ɗauki kwanon ta tsallaka wajen maƙwabciyarmu ta nuna mata, kamar wadda ta ci jarrabawa. Daga ranar ta fara zuwa kasuwa da kanta tana zaɓen kifi, tana waƙa a kicin. Da na ba Kaka labari sai ya yi murmushi ya ce, "To kin gani. Uwarki ta samu farin ciki, ke kin samu nama, ni na huta da surutun asibiti. Wa aka cuta?" Na duba ko'ina ban ga wanda aka cuta ba.

Na fara cika. Ina cin nawa a tsakar gida, in ci na Kaka a bayan labule. Rigar makarantata ta fara roƙona in tausaya mata. Yaron trotro, motar hayarmu, ya dube ni ya ce da salon 'yan Accra, "Chale, ke kujera biyu za ki biya." Ƙawayena suka sa mini suna Tankin Ruwa. Shi kuma Kaka yana ta shigewa cikin jallabiyarsa. Ya koma sa riga biyu ko ana zafi. Ni ce na kai wandunansa uku wajen tela aka rage musu ƙugu, na kuma bi ta bayan masallaci don kada Baba ya gan ni. Da tuwo ya gagare shi gaba ɗaya sai ya koma lasar miya kawai, da safe kuma ya aike ni in sayo masa koko, a tsinka shi da ruwa. Ya sa na karɓo masa maganin gyambon ciki a wani kemis, ya sha kwalba biyu, baƙon bai matsa ba.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Ya ƙware da ruwa har idonsa ya yi ja, na tsorata, na ce, "Kaka, bari in gaya wa Baba."

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "In kin faɗa na sake ki. Saki uku, ba kome."

Na ce, "Wa zai auri tsoho mai gwangwani in ba ni ba?"

Muka yi dariya, na jawo kwano. Soyayyen kifi ne ranar. Da zan iya cewa biyayya ce ta rufe mini baki da na ji daɗi, amma na san har da kifin.

Asirinmu ya tonu ne da aka yi hutun makaranta, Gwaggo ta ce in je Madina in taya ta zaman shago mako biyu. Ƙanena ya karɓi kai kwano, shi kuma ɗan gaskiya ne, loma biyunsa kawai yake ci ya mayar da saura. Kwano ya fara dawowa a cike. Mma ta ɗauka wani laifi ta yi. Ta canja miya, ta canja gari, ta je ta durƙusa a bakin labule tana ba da haƙurin abin da ba ta sani ba. A rana ta tara koko ya sarƙe shi a gaban Baba, ya dawo ta hanci. Baba ya ɗaga shi don ya zaunar, ya ji kamar buhun auduga ya ɗauka. A ranar aka kira ni a waya aka ce Kaka ya ce ba ya zuwa asibiti sai da amaryarsa.

A babban asibiti an zura masa wani siririn tiyo mai kyamara ta baki, an saka shi a na'urar ɗaukar hoton ciki, an tsinko ɗan nama an kai awo. Muka yi kusan mako biyu muna jiran sakamako, ana yi masa ƙarin ruwa. Ranar da likitar ta kira mu ofis, ni da Baba da Gwaggo da shi a keken marasa lafiya, ta fara da tambaya: tun yaushe haɗiya ke ba shi wuya?

Baba ya ce, "Bai fi wata guda ba. Kafin nan lafiya lau yake cinye abincinsa."

Likitar ta dubi wuyan hannun Kaka, inda agogonsa ke yawo kamar awarwaro. Kaka ya dube ni. Ni na dubi takalmina.

Ta zana hanyar abinci a takarda, daga maƙoshi zuwa tumbi, ta yi wani dunƙule a ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙari ne, amma ba irin wanda suka saba gani ba. Wanda aka fi sani yakan fara ne daga fatar cikin hanyar. Wannan kuwa a cikin naman bangon ya tsiro, yana girma a hankali yana matse hanya, kuma ba kasafai ake samun irinsa a wurin ba. Kaka ya karɓi takardar ya duba, ya ce da Turancinsa na kicin ya fiɗe kaji sun fi gashin kanta yawa, ya san wurin sarai. Ta yi dariya, ta ce to aikinta ya yi sauƙi.

Ta jera masa hanyoyin da ake bi. Idan irin wannan ƙarin yana ƙarami, wani lokaci akan cire shi ta baki da tiyon nan mai kyamara, ba tare da an tsaga mutum ba. Nasa ya wuce nan. Akwai babban aiki, a yanke sashen da ya lalace, a jawo tumbi sama a haɗa. Amma aiki ne mai nauyi, yana son jiki mai ƙarfi, shi kuwa ga shekaru, ga rama. Akwai wasu ƙwayoyi da ake sha kullum, waɗanda awon ya nuna irin nasa ƙarin yakan saurare su ya ƙanƙance, sai dai suna ɗaukar watanni. Ta ce ƙona shi da na'ura ko ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, da ake yi wa wasu masu ciwon daji, ba su cika yi wa irin wannan aiki ba. Kafin ƙwayoyin su yi tasiri kuma dole abinci ya shiga. Ko a huda ciki a sa roba a riƙa zuba masa abinci kai tsaye, ko a sa wani ɗan bututun raga a cikin hanyar ya buɗa ta. Ita ta fi son robar ciki, don ta fi saurin mayar da jiki, wataƙila har a kai ga yin aikin. Bututun yana iya gocewa, yana iya sa ƙwannafi da ciwo.

Kaka ya ce, "Kin karanto mini abinci biyar, biyu sun ƙare, ɗaya bai nuna ba. Haka muke yi wa baƙi in kicin ya yi talauci."

A gida aka yi rigimar da ban taɓa ganin irinta ba. Baba ya ce robar ciki za a sa, a ciyar da shi ya yi ƙarfi, a yi aiki. Gwaggo ta ce ba mai huda mata uba kamar jarka, a kai shi arewa, akwai mai magani a garinsu. Baba ya ce mai maganin nan shi ya kashe musu kawu. Gwaggo ta ce ai Baba tun yana yaro duk abin da mai farar riga ya faɗa wahayi ne. Suka tono maganganu tun na zamanin da ba a haife ni ba. Mma tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi, ba ta da bakin magana a tsakanin 'ya'yan mutum.

Sai muka ji gyaran murya sau biyu daga bayan labule. Na shiga, na fito da saƙo, kuma wannan karon ban ƙara ko ɗigo ba. Ya ce ba ya zuwa arewa, bai da ƙarfin hanya. Ya ce zai sha ƙwayoyin. Roba kuwa ba za a sa masa ba, domin shi da harshe ya ci abinci duk rayuwarsa, da harshe ya ciyar da su, ba zai ƙare ana yi masa ɗura ta gefe kamar mota ba. A sa bututun. Baba ya shiga ya roƙe shi har da hawaye, ya ce robar ce hanyar da za ta kai ga aiki. Kaka ya ce ya ji, ya kuma gode, amma bututu.

Ranar da aka sa bututun, ina zaune a benci a baranda, likitar ta fito ta zauna kusa da ni. Ta tambaye ni wa ke kai masa abinci a gida. Na ce ni. Ta ce, "Wata nawa?" Ba ta ce wata nawa me ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce tara.

Ta gyaɗa kai. Na ce, "Da na faɗa tun farko fa?"

Ta ce, "Ba zan ce miki da ya warke ba, ban sani ba. Amma da ya zo da jikinsa na bara, da abin da zan ba shi ya zaɓa ya fi haka yawa." Ta ce kuma shi babba ne, shi ya ɓoye, ni yarinya ce. Na ji wannan ɓangaren, amma na farkon ne ya biyo ni gida.

Kwana biyar bayan nan Kaka ya yi abin da ya girgiza gidanmu. Ya ce a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, a jingina shi da bango, a kawo abincinsa nan. Baba ya rasa inda zai sa idonsa, shekararsa hamsin bai taɓa ganin ubansa yana tauna ba. Mma ta yi tuwo mai laushi kamar kunu, da miyar kuɓewa da aka tace. Ya yanka, ya kai baki, ya rufe ido. Muna tsaye kamar masu kallon ƙwallo. Ta wuce. Ya ci loma huɗu, na ƙirga. Ya bar biyu a gefe, ya turo mini kwano. Sa'an nan ya dubi Mma kai tsaye, ba ɗan aike, ya ce, "Gishiri ya ɗan yi yawa."

Mma ta ce, "To, Baba," ta juya ta shiga kicin, muna jin ta tana dariya tana jan hanci.

Ya samu kamar mako bakwai yana ci kaɗan-kaɗan, a zaune da baya a miƙe, kullum a tsakar gida. Ƙwayoyin a ruwa ake jiƙa masa su. Suka kumbura masa fatar ido, ya ce ƙiba ce ta fara dawowa, daga sama ta fara. Abokinsa yakan kawo dara har gida, kuma a karon farko ya riƙa bari ana cinye shi, har Kaka ya gane ya ce in zai yi masa sadaka ya kawo kuɗi. Hoton da aka sake ɗauka ya nuna ƙarin ya fara ja da baya. Jikin ne bai jira ba. Tari ya kama shi, zazzaɓi ya sauka a ƙirji, aka ce wani abu ya bi ta hanyar iska.

Ana gobe za a mayar da shi asibiti, da la'asar, na kai masa koko. Ya ce in zauna.

"Amarya, kin daina cin abinci."

"Ina rage jiki ne. Za a yi mini kishiya in ban yi hankali ba."

"Ba laifinki ba ne. Ni na ɗauke ki aiki."

"Ka kuma biya ni da nama."

Ya yi dariyar da ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Uwarki tana yawo da kwanon nan a ranta. Ba daidai ba ne ta riƙe abin da ba a ba ta ba. Ki gaya mata. Amma ki bari sai na tafi, ni tsoronta nake ji."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Na yi kwana arba'in ina ɗauke da saƙon nan, mafi nauyin wanda ya taɓa ba ni. Duk baƙon da ya zo gaisuwa sai Mma ta ba shi labarin wata taran da surukinta ya cinye abincinta bai ce uffan ba. Shi ne abin da take riƙewa in kuka ya taso mata. Sau uku ina buɗe baki in ga fuskarta in fasa.

Washegarin addu'ar arba'in muna wanke-wanke mu biyu, kwanonsa ya zo hannuna. Na gaya mata. Na fara daga tsoka huɗu na Babbar Sallah har zuwa wandunan da na kai wa tela. Ban rage ba, ban ƙara ba. Hannunta na cikin ruwan kumfa, ba ta fitar ba har na gama.

Ta ce, "Wato ke nake ta zaɓar wa kifi."

Na ce e.

Ta ce, "Yana bayan labule yana jin yunwa, ni ina kicin ina waƙa."

Ta ɗauraye hannu ta shiga ɗaki. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, ko aike sai ta bi ta kan ƙanena. Na fi son ta dake ni. Baba da ya ji bai yi faɗa ba, ya tashi kawai ya cire labulen ɗakin Kaka ya ninke. Tun ranar a tsakar gida yake cin abincinsa tare da mu, yana jin kunya kamar baƙo.

A rana ta huɗu na dawo daga makaranta na tarar Mma ta zuba tuwo a kwanon Kaka ta rufe. Ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce in kai wa abokinsa mai dara, tunda matarsa ta rasu ba wanda ya san me yake ci, kuma a wajen addu'a ta ga rigarsa ta yi masa yawa.

Na karɓa, na juya. Ta ce, "Tsaya. Ki zauna a gabansa, ko ya kore ki kada ki tashi. Ki ga loma ta shiga, ki ga ta wuce. Abin da ya rage ki dawo mini da shi in gani da idona."

Na ce to.

"Kuma ki cire hannunki daga ciki."

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe masa ɓoyon da ya yi, Ya yafe wa wadda ta taya shi. Ya shimfiɗa masa tabarma a inda abinci ba ya tsayawa a hanya. Tsohon mai dara ya ci rabi a ranar, yana ci yana zagina wai na tsare shi da ido kamar ɗan sanda. Na mayar wa Mma da sauran, har da loma biyun da ya ture mini a gefe.